Shirin Arlo Bakke na Zuwa Texas

A garin Park Rapids duk wanda ya taɓa zuwa aron tsani gidan Arlo Bakke ya san tsanin ba ya fita shi kaɗai, sai an haɗa maka da lacca. Za a nuna maka yadda ake kafa shi, a lissafo maka mutum uku da suka faɗo daga kan irinsa, sannan a raka ka har mota a duba ko ka ɗaure shi da kyau. Ba a taɓa samun wanda ya ɗaure da kyau ba. Yawancin maƙwabta sun gwammace su taka kujera.

Ba haka aka haife shi ba, mahaifinsa ne ya mai da shi haka. Selmer Bakke manomi ne mai fara'a, wanda ya yarda har zuciyarsa cewa babu abin da zai lalace a duniya wanda waya da filaya ba za su ɗaure ba. Saboda haka Arlo ya yi rabin ƙuruciyarsa a zaune gefen titi cikin kayan zuwa coci, yana kallon ƙafafun babansa da suka leƙo daga ƙarƙashin mota. Bikin 'yar kawunsa sun isa ana share ɗakin taro. Jana'izar kakarsa sun isa an gama binnewa, mutane na shan gahawa. Tun yana ɗan shekara goma sha biyu ya ƙudurta a ransa cewa shi hanya ba za ta taɓa shammatarsa ba.

Ya cika alkawarin, har ya wuce gona da iri. Shekara talatin da huɗu ya yi yana riƙe da siton ma'aikatar hanyoyi ta gundumarsu, shi ke ba direbobin motocin share ƙanƙara taya da noti da baƙin mai. Direba ya zo neman ƙwan fitila ɗaya, sai ya fita da biyu da kuma tarihin yadda na farkon ya mutu.

Matarsa Verna takan ce ta aure shi ne don shi ne saurayi na farko da ya zo ɗaukarta da mai a tanki. Daga baya ta gano akwai abin da ya fi ƙarewar mai ciwo, wato mijin da zai tsaya a kowane gidan mai don allurar ta ɗan motsa. Sun haifi 'ya'ya mata biyu, duk sun girma sun yi nisa, kuma har yau in sun kira gida, kafin a tambaye su lafiyar yara sai an tambaye su iskar tayoyinsu.

Babbar jarrabawar Arlo a duniya kuwa ƙanin Verna ne, Gordy Nyquist. Gordy mai aikin rufin gidaje ne. Bai taɓa buɗe gaban mota don nishaɗi ba, bai san ranar da ya canja baƙin mai ba, tayoyinsa sun yi sumul kamar tafin hannu. Shekara arba'in da ɗaya Arlo yana gaya masa abin da zai same shi, shekara arba'in da ɗaya babu abin da ya same shi. Ko faci bai taɓa yi a gaban Arlo ba. Wannan rashin adalci ya daɗe yana cin Arlo a rai. Gordy kuwa ya raɗa masa suna Sufeto, sunan ya bi shi har coci.

Arlo ya yi ritaya a watan Afrilu. Sati bai cika ba Verna ta ajiye masa farantin ƙwai a gaba ta zauna.

"Na yi hunturu sittin da uku a garin nan," in ji ta. "Na bana a Rockport ta Texas zan yi shi. Gordy ya ce akwai ɗan gida kusa da nasa, a bakin teku."

Tun rasuwar matarsa Gordy yake tafiya Texas duk hunturu, yana jan jirginsa na kamun kifi a baya kamar mai jan akuya.

"Mil nawa ne?" Arlo ya tambaya.

"Dubu ɗaya da ɗari biyar."

"Da jirgi a bayan jif?"

"To a kai zan ɗauke shi?"

Ta zaci zai yi gardama. Sai ta ga fuskarsa ta washe, irin washewar da ba ta gani ba ko ranar da aka haifi 'yarsu ta fari. Ya ture farantin ya nemi fensir. Nan take ta gane ta ba shi aikin yi na wata bakwai, da bakinta.

Jirgin nasu na alminiyam ne, ƙafa goma sha bakwai, yana zaune kan 'yar tirelarsa mai taya biyu. Shekara tara jif ɗin tana jansa zuwa tafkin da ke mil shida daga gida ba ta taɓa yin tari ba. Amma mil shida daban, in ji Arlo, Texas daban. Ya fara da ƙarfen ja na bayan motar. Babu abin da ya same shi, sai dai Arlo bai san wanda ya ɗaura shi ba, kuma ba ya miƙa ransa ga mutumin da bai sani ba. Ya cire ya sa sabo, ya ɗaure kowane noti da sifana mai awo, ya ɗiga masa jan fenti don in ya motsa ya gani. Ya ƙara wa motar ɗan ƙaramin lagireto na sanyaya man giya, saboda ya karanta cewa zafi ne ke kashe giyar mota mai jan kaya. Ya canja birki gaba da baya. Ya sayi tayoyi biyar na jif, uku na tirela. Ya sa dogayen madubai da suka miƙe hagu da dama, har sai an naɗe su kafin motar ta shiga gareji.

Sai boris na ƙafafun tirela, 'yan ƙarafan da taya ke juyawa a kansu. A nan ne Arlo ya fi tsoron Allah. Ya zare su, ya wanke su da kananzir, ya duba su a rana ɗaya bayan ɗaya, ya ga lafiyarsu lau, ya zubar ya sa sababbi, ya cusa musu giris da tafin hannunsa. Da ya gama sai ya tuna cewa in tirelar ta shiga tafki ruwa zai taɓa giris ɗin. Saboda haka duk bazarar nan, lokacin da kowa a garin ke kan ruwa, jirgin Arlo yana kan tudu a lulluɓe da tamfol. Ana shirya shi don ya je kamun kifi, ba shi da lokacin kamun kifi.

Aikin Verna shi ne fitilu. Duk Asabar da safe za ta tsaya bayan tirela da kofin gahawa a hannu, shi yana cikin mota yana kira.

"Hagu?"

"Tana yi."

"Dama?"

"Tana yi, Arlo. Makon jiya ma ta yi. Ba inda ta je."

"Birki?"

"Sun kama. Ni ce dai na kusa mutuwa."

Sikelin banɗaki ya ɓace daga gidan a watan Yuli. Ta same shi a gareji ƙarƙashin wuyan tirela, Arlo na auna nauyin da zai sauka kan bayan jif. Yana matsar da batir gaba, ya auna, ya matsar da tankin mai baya, ya auna. Wannan bai ishe shi ba. A watan Satumba ya loda duk kayan tafiyar, ya ce Verna ta shigo su ɗan zaga gari. Ta yi murna, har ta canja riga. Sai ga su a rumbun hatsi na bakin gari, inda manyan motoci ke hawa sikeli. Ya hau da jif da jirgi da komai. Matar da ke cikin ɗan ofishin ta faɗi nauyin ta lasifika, manoma biyar na tsaye suna jiran layi.

"Verna, ɗan sauka," in ji Arlo. "Ina so in san na motar ita kaɗai."

Ta sauka. Lasifika ta sake faɗin nauyi. Manoman nan kuwa duk sun yi makaranta, sun iya ɗebewa.

Kwana uku ba ta yi masa magana ba. Shi kuma ya ji daɗin shirun, ya yi amfani da shi ya sake wayoyin tirelar gaba ɗaya. Da ta dawo magana ya sanar da ita sakamakon awon: kaya sun yi yawa, keken ɗinkinta ba zai je ba. A wurinsa an sa jak na biyu da wani akwatin ƙarfe da ya ce ba ruwanta da abin da ke ciki.

Sun tsayar da ranar Litinin ta farkon Nuwamba, ƙarfe bakwai na safe. Gordy ya iso takwas da rabi yana cin burodi, jirginsa a ɗaure da igiyar da ta ga shekaru, fitilar tirelarsa ɗaya a fashe. Arlo ya zagaya tirelar sau biyu, hannu a baya.

"Yaushe rabon ƙafafun nan da giris?"

"Ai da giris ɗinsu aka sayar mini, Sufeto."

"Shekara nawa ke nan?"

"Sha ɗaya. Ka ga ai mai kyau ne."

"Ba za ka kai Nebraska ba."

"Haka ka ce bara. Na aiko maka da hoton kifi, ba ka amsa ba."

Suka kama hanya. Arlo ya tsayar da allura kan mil hamsin da biyar, ko da wuta ake binsa ba zai ƙara ba. Duk mil ɗari zai ratse, ya sauka, ya dafa ƙafafun tirela da bayan hannu kamar uwa mai duba zazzaɓi, ya girgiza sarƙoƙi, ya leƙa jan fentin notinsa. Gordy kan wuce su ya ɓace, su tarar da shi gaba ya ci abinci har ya ɗan yi barci a mota. Haka suka wuce Dakota ta Kudu, suka wuce Nebraska. Da suka tsallaka iyakar Kansas Gordy ya matsa musu hon sau uku. Arlo ya yi kamar bai ji ba.

Rana ta biyu da hantsi, kudu da garin Salina, Verna ce ta fara hango hayaƙi. Motar Gordy na gefen titi a karkace, tirelarsa ta durƙusa ɓangare ɗaya, tayar dama ta kwanta kamar an karya mata wuya. A kan kwalta akwai baƙin zane mai lanƙwasa da ya taso tun daga tsakiyar hanya.

Abin da Arlo ya ji a ransa ba abin faɗa a coci ba ne. Shekara arba'in da ɗaya yake jiran wannan safiya. Ya kunna sigina, ya ratse a hankali, ya fito ya jera alamun tsayawa guda uku a bayansu, kowacce a tazararta. Jawabin da zai yi wa Gordy kuwa a shirye yake tun tuni, ya sha maimaita shi yana aski. Ya san inda zai fara, ya san inda zai ɗan yi shiru.

Ya iso ya tarar da Gordy zaune a kan ƙarfen gefen titi, hularsa a hannu. Yana kallon baƙin zanen da ke kan kwalta.

"Tirelar ta ja ni har ɗaya hannun titi," in ji Gordy, bai ɗago ba. "Akwai wata mata da yara a motar da ke tahowa. Saura kaɗan, Arlo."

Arlo har ya manta rabon da Gordy ya kira shi da sunansa. Ya buɗe baki, jawabin ya taso har maƙogwaro, sai ya ga mutumin ya tsufa, ya ga kuma kujerar da matarsa kan zauna a motarsa babu kowa. Ya haɗiye abinsa.

"Verna, ba shi gahawa," ya ce. Ya koma jif ya ɗauko jak da akwatin ƙarfen nan.

Boris ɗin ya ƙone ƙurmus, ya narke ya kama ƙarfen. Gordy ya leƙo ya girgiza kai.

"Sai an je gari. Ƙafar tawa ba irin taka ba ce, naka ba za su shiga ba."

Arlo ya buɗe akwatin. Ga boris sababbi, ga murfi, ga noti, ga gwangwanin giris, an rubuta GORDY a jikin murfin akwatin daga ciki, da manyan baƙaƙe.

"Ina ka san lambar tawa?"

"Na auna."

"Yaushe?"

"A Agusta. Kana kan rufin gidan fasto."

"Wato bayan gidana ka shiga ka kwance mini taya?"

"Na mayar. Na ma ɗaure ta fiye da yadda na same ta."

"Kuma ka ga babu giris, ba ka sa ba?"

Arlo ya sunkuya ya saita jak. "Tirelarka ce. Ba na taɓa kayan mutane."

Verna tana tsaye da butar gahawa, ta dubi akwatin, ta dubi mijinta.

"Wannan ne ya zauna a wurin keken ɗinkina?"

Arlo ya shige ƙarƙashin tirelar. Awa biyu da rabi Arlo ya yi a kwance kan tsakuwa, iskar Kansas na cusa masa ƙasa a kunne, manyan motoci na wucewa suna girgiza tirelar. Ya sare tsohon boris da kurfi da guduma, ya goge ƙarfen, ya zura sabo. Ya fasa ɗan yatsa, gwiwarsa ta ƙage. Verna ta ce tun da ta san shi ba ta taɓa jin yana fito ba sai ranar. Da ya gama wannan ƙafar ya zagaya ya yi ɗayar, tunda an riga an ɓata hannu.

Kafin su kai Wichita Gordy ya dawo daidai. A gidan abinci ya ci nama da dankali, ya jingina da kujera yana sakace.

"Ka gani ko, Sufeto? Shi ya sa ban taɓa damuwa ba. Me zai sa mu ɗauki kaya mu biyu?"

A nan jawabin ya ɓalle. Arlo ya fara tun daga shekarar da ya auri Verna, ya bi motocin Gordy ɗaya bayan ɗaya. Gordy ya saurara da ladabi, yana gyaɗa kai, a tsakiya ya ɗaga hannu ya kira mai kawo abinci ta ƙaro masa kek. Shi ma Arlo ya ji jawabin bai yi daɗin da yake yi a gaban madubi ba.

Ranar Alhamis da azahar suka shiga Rockport. Jif ɗin ba ta yi zafi ba, noti ko ɗaya bai motsa ba, ƙwan fitila ko ɗaya bai mutu ba. Arlo ya kashe mota ya zauna yana kallon sitiyari kamar wanda aka sallama daga aiki karo na biyu.

Washegari aka kai jirgi bakin ruwa. Yana yin ribas yana kallon madubi, ya ga ƙafafun tirelarsa, da giris ɗinsa na wata bakwai, suna nutsewa cikin ruwan gishiri. Ya san abin da gishiri ke yi wa ƙarfe, ya sha gani a motocin ma'aikatarsu masu zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara. Suka fita teku, minti arba'in bai cika ba cikinsa ya juya. Tafkunan gida ba sa yi wa mutum irin wannan lilo. Ya mayar da karin kumallonsa gaba ɗaya, Gordy na riƙe masa hula yana ba shi shawarar yadda ake shirya wa tafiyar ruwa. Ya sake gwadawa bayan kwana biyu da ƙwayar magani a ciki, sakamakon bai canja ba. Kifi ɗaya ya kama a duk hunturun, shi ma aka ce bai kai girma ba, a mayar da shi ruwa.

Verna ce ta karɓi jirgin. Cikin sati biyu ta iya tuƙa shi, ta san inda kifi ke kwana, ta yi baƙi, tana dawowa da labari. Arlo kan sauke su ita da Gordy da safe, ya jawo tirela gida ya wanke ta da ruwan famfo, ya wanke ƙarƙashin jif, ya shanya sarƙoƙi.

Unguwar cike take da tsofaffi masu gudun sanyi, daga Iowa, daga Manitoba, daga Wisconsin, kowa da tirelarsa, kuma kusan kowa ɗan'uwan Gordy ne a hali. Wani ya tsaya ya tambaye shi me ya sa fitilarsa ke ƙiftawa. Arlo ya gyara, ya yi masa lacca, mutumin ya tsaya ya saurara har ƙarshe, don ba shi da wurin zuwa. Washegari ya dawo da abokinsa. Kafin Kirsimeti tireloli na layi a ƙofar gidan, matansu na aiko da kek da soyayyen kifi. A karon farko a rayuwarsa ya samu mutanen da ke zuwa da ƙafarsu a gaya musu abin da zai same su.

Bana hunturunsu na shida ke nan a can. Gordy har yau bai sayi gwangwanin giris ba, Arlo ne ke yi masa ƙafafun tirela duk Oktoba, yana yi yana faɗa. Jirgin kuwa kowa a Rockport ya san na Verna ne. Wata safiya a watan Janairu, tana shirin ture jirgi daga gaɓa, ruwan ya kwanta luf, ta ce masa:

"Yau ko kofi ka ajiye a kan ruwan nan ba zai zube ba. Shigo mana, awa ɗaya kawai."

Arlo ya dubi tekun, ya yarda yana da kyau. Sai ya hango wani baƙo mai mota da lambar Ohio yana yin ribas, sarƙar tirelarsa ɗaya na jan ƙasa.

"Ku je," ya ce. "Ku dawo kafin ƙarfe ɗaya, an ce iska za ta tashi."

Ya gyara hularsa ya nufi mutumin.